Masu kare mai jifa sun fito daga tiyata: a gaskata koci ko a sa ido?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina kallon gasar ƙwallon Amurka ta NFL, kuma ƙungiyar da nake goyon baya ta gama kaka da mutum biyu cikin 'yan layin gaba, wato mutum biyar da suke kare mai jifan ƙwallo, a kwance. Ɗaya jijiyar agara ce ta tsinke, ɗayan an yi masa aikin gwiwa. Koci ya ce duk za su dawo a kan lokaci. In kwantar da hankalina ke nan?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kada ka kwantar da shi tukuna. Maganar koci a lokacin hutun kaka fata ce, kuma dole ya yi ta. Abin da zai gaya maka gaskiya shi ne inda ƙungiyar ta zuba kuɗinta a watan Maris da waɗanda ta ɗauko daga jami'o'i a ƙarshen Afrilu, lokacin da ƙungiyoyi suke zaɓen sababbin 'yan wasa zagaye bayan zagaye.

Mu fara da jikin. Ɗan layin gaba mutum ne mai nauyin kilo 140 ko fiye, aikinsa kuma ya ja da baya a durƙushe, ya kafa ƙafa, ya tsayar da wani ƙaton da ya taho da gudu. Duk wannan nauyin a kan agara da gwiwa yake sauka. Tsinkewar agara ko ta jijiyar cikin gwiwa kan ci wata 9 zuwa 12 kafin likita ya sallami ɗan wasa, kuma sallamar likita daban, dawowar ƙarfin kafa ƙafa daban. Sau da yawa sai a kaka ta biyu ake ganin mutum ya koma yadda yake. Saboda haka ka fara duba watan da aka ji raunin. Wanda ya ji a Satumba yana da shekara guda cur kafin sabuwar kaka. Wanda ya ji a Janairu kuwa wata 8 ne kawai a gabansa.

Abin da ya faru da 'yan layin gaba na ƙungiyar Kansas City Chiefs ya ishe mu misali. A kakar 2020 Laurent Duvernay-Tardif, wanda ya karanci likitanci, ya ajiye wasa ya koma Kanada kula da marasa lafiya lokacin korona. A Oktoba Kelechi Osemele, ɗan asalin Najeriya da aka haifa a Amurka, ya ji rauni a gwiwoyinsa biyu a wasa guda. Ciwon baya ya kwantar da Mitchell Schwartz na gefen dama. Sai ranar 24 ga Janairun 2021, a wasan da suka doke Buffalo Bills, agarar Eric Fisher na gefen hagu ta tsinke.

A nan ne mutane suke kuskuren lissafi: suna ganin an rasa mutum ɗaya, a sa wani. Rashin Fisher wuri uku ya motsa. An mayar da Mike Remmers daga dama zuwa hagu, aka fitar da Andrew Wylie daga ciki zuwa gefen dama, aka cusa wani a gurbin Wylie. Mai tsaron da ya saba da dama, in ka kai shi hagu, ƙafar da yake sa wa gaba da hannun da yake fara kai wa duk sun juye, tamkar ka ce wa mutum ya ci tuwo da hagu a gaban baƙi. Sakamakon kowa ya gan shi ranar 7 ga Fabrairu a wasan ƙarshe na Super Bowl: mai jifar Chiefs, Patrick Mahomes, ya kwana yana gudun ceton rai, Tampa Bay Buccaneers ta ci 31 da 9.

To, dubi abin da ya biyo baya. A farkon Maris shugaban harkokin 'yan wasa, Brett Veach, ya nuna fatan Fisher da Schwartz za su warke kafin kaka. Ranar 11 ga watan ƙungiyar ta sallame su duka biyun daga aiki. Ƙungiyar ta ba Joe Thuney kwantiragin shekara 5 kan dala miliyan 80, ta ba Baltimore Ravens zaɓinta na zagayen farko don ta karɓo Orlando Brown, sannan ta ɗauki Creed Humphrey a zagaye na biyu da Trey Smith a zagaye na shida. Smith ya daɗe ba a ɗauke shi ba ne saboda ya taɓa fama da daskarewar jini a huhu, ƙungiyoyi suka ji tsoro. Ni a wurina wannan ne zaɓi mafi hikima da suka yi a shekarar, domin likitocinsu sun bambance ciwon da ake iya lura da shi da raunin da ya riga ya cinye ƙafa. Fisher ya koma Indianapolis Colts, ya dawo fili a mako na biyu na kakar 2021, abin a yaba, amma bai kai yadda aka san shi ba. Schwartz da Osemele ba su sake buga wasa ba. Ranar 12 ga Fabrairun 2023, a wasan Super Bowl, sabon layin ya fuskanci Philadelphia Eagles, wadda ta kayar da masu jifa sau 70 a kakar, amma ko sau ɗaya ba ta kayar da Mahomes ba, Chiefs ta ci 38 da 35.

Game da ƙungiyarka, idan ta kashe zaɓin zagayen farko ko na biyu a gurbin mai raunin agara, ta riga ta ba ka amsa. Idan tsohon hannu ta ɗauko kan kwantiragin shekara ɗaya, tana sa ran mutuminta zai dawo, amma ba a makon farko ba. A ƙarshen Yuli ake buɗe sansanin atisaye da 'yan wasa 90, kuma wanda bai warke ba ana sa shi a jerin waɗanda jikinsu bai kai su yi atisaye ba. Ana iya cire shi kowace rana, don haka wannan bai kai abin tashin hankali ba. Ranar da za ka sa ido ita ce ta ƙarshen Agusta, lokacin da ake rage ƙungiya zuwa mutum 53. Wanda sunansa ya zauna a jerin waɗanda ba su warke ba a ranar, wasa huɗu na farko sun wuce shi dole.

Abin da ya fi damuna a lamarinku shi ne raunin biyu ne a lokaci guda. Mutum biyar ɗin nan da ido da gwiwar hannu suke magana idan abokan hamayya suka yi musayar wuri, kuma a atisayen Agusta ake gina wannan sabo. Ko da duka biyun sun fito ranar farko, in ba su yi sansani tare da sauran ukun ba, ka sa ran mai jifarku zai sha ƙasa a watan Satumba. Ka kuma binciki mutum na shida, wanda zai iya tsaron hagu da dama, domin shi ne zai hana a sake motsa wuri uku saboda rauni ɗaya.