Saƙa, besbol da gudun fanfalaki: wanne zan ajiye?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Likita. Aure ne ya kawo ni Chicago shekaru tara da suka wuce, kuma a nan na fara gudu. Na yi rabin fanfalaki sau biyu, bana kuma na samu gurbi a babban gudun fanfalakin Chicago na watan Oktoba. Damuwata ita ce ɗana ya ja ni cikin son ƙungiyar besbol ta Cubs, har ya zama ba na iya barin wasa ya wuce ni. Ina kallo ina saƙa, domin na yi wa yara alkawarin suwaita uku kafin sanyi ya shigo. Makona huɗu da fara atisaye, ƙafafuna sun yi nauyi, kullum a gajiye nake tashi, kuma babban yatsana da biyun da ke kusa da shi a hannun dama suna sagewa da dare. Maigida ya ce dole in ajiye ɗaya cikin ukun. Wanne zan ajiye?

AMSA

Wa'alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ƙara lafiya. Maigida ya ga gajiyarki kuma yana da gaskiya da ya yi magana, amma ni ban ga dalilin da za ki ajiye ko ɗaya ba. Abin da ke ciwo a wasiƙarki barci ne, sai kuma dogon zama a yanayi guda. Idan aka gyara waɗannan biyun, ukun za su zauna lafiya har Oktoba.

Mu fara da lissafi, domin shi zai nuna miki inda lokacinki ke tafiya. Kowace ƙungiya cikin 30 na babbar gasar besbol ta Amurka tana buga wasa 162 a kaka guda, daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Satumba, wato kusan wasa shida a mako. Tun da aka kawo agogon da ke ƙayyade wa mai jifa lokaci a 2023, wasa ya ragu daga sama da awa uku zuwa kamar awa biyu da minti 40. Duk da haka wasa shida a mako ya kai awa 16. Atisayen mai shirin fanfalakinta na farko kuwa da wuya ya wuce awa biyar zuwa bakwai a mako. Kin ga kenan kujera ta fi titi cin lokacinki sau biyu ko fiye.

To ba ma yawan awannin ne ya fi damuna ba, lokacin da suke faɗowa ne. Kin yi sa'a da ƙungiyar da kika zaɓa: filinsu na Wrigley bai samu fitilun dare ba sai 1988, kuma har yau Cubs na buga wasanni da dama da rana, ƙarfe 1:20, musamman ranar Juma'a. Waɗannan ba ruwansu da barcinki. Na dare da ake bugawa a gida, wajen ƙarfe bakwai, suna ƙarewa kafin goma. Masu cutarwar su ne na tafiyar Kaliforniya, lokacin da Cubs suka je wa Dodgers ko Giants ko Padres. Bakwai na yamma a can tara na dare ne a Chicago, wasan ba zai tashi ba sai kusan sha biyu. Ki haɗa da lokutan salla a garinku: a watan Yuni da farkon Yuli Isha'i na shiga wajen ƙarfe goma na dare, Asuba kuma kafin ƙarfe huɗu. Mace ta kwanta sha biyu da rabi, zuciyarta na ci gaba da bugawa saboda zagayen ƙarshe, ta tashi huɗu saura ta yi alwala, ta zauna bakin gado tana ɗaura igiyar takalmi da ido ɗaya a rufe, ta fita kilomita 12. Wannan ba horo ba ne, bashi ne take ci daga jikinta. Gudu yana ɗan yayyaga tsoka ne, a cikin barci ake ɗinke ta ta fito da ƙarfi fiye da da. Babba na buƙatar awa bakwai zuwa tara, mai atisaye irin naki kuwa ta fi kusa da taran.

Don haka ki ɗauko jadawalin Cubs, wanda an fitar da shi tun kafin kaka ta fara, ki ajiye shi kusa da jadawalin gudunki, ki ɗauki biro. Duk daren da gobensa dogon gudu ne ko gudun sauri, wasan da zai wuce goma ba naki ba ne. Ki kashe talabijin, ki kifa waya, da safe bayan kin dawo kin yi wanka ki kalli taƙaitaccen wasan da karin kumallo a gabanki. Idan kuwa wasan ne ba za ki iya haƙura da shi ba, to gudun ne zai matsa zuwa wata rana, ba barcin ba. Besbol wasa ne mai yafiya: ƙungiyar da ta fi kowa kyau ma takan sha kashi kusan sau 60 a kaka, rashin ganin wasa 15 ko 20 ba zai raba ki da labarin ba. Magoya bayan Cubs sun jira daga 1908 har 2016 kafin su sake ɗaukar kofi, dare ɗaya ba zai gagare ki ba. Fanfalaki kuwa rana ɗaya ce, kilomita 42.195, kuma abin da kika tara shi za ki tarar. A ranakun bazara masu gajeren dare, ki koma barci bayan Asuba idan ba ranar gudu ba ce, ki kuma riƙe ƙailula ta minti 20 zuwa 30 idan aiki ya bari.

Akwai wata hanya da nake ba masu son besbol da yawa, kuma tana yi musu aiki: rediyo. Wasa ne da aka gina don kunne, ga Pat Hughes yana kawo wasannin Cubs a rediyo tun 1996. Mafi yawan gudunki, kamar kashi huɗu cikin biyar, ya kamata ya zama a hankali ne, irin wanda za ki iya hira a cikinsa ba tare da haki ba. Wasan ƙarfe bakwai na yamma, rana ta yi sanyi, ki fita hanyar bakin tafkin Michigan, wadda ta kai kusan kilomita 30, ki yi zagaye uku na farko na wasan a ƙafa da na'ura a kunne ɗaya kawai, ɗayan a buɗe saboda masu keke. Ki dawo ki ci abinci ki ƙarasa sauran a zaune da saƙarki. Sai dai ki lura da ƙafarki: idan ɗan Cubs ya maka ƙwallo ta fice fili, za ki ga saurinki ya ƙaru ba ki sani ba. Ki dawo da shi. Dogon gudun ƙarshen mako kuwa da sassafe za ki yi shi, saboda zafin Yuli da Agusta a Chicago mai laima ne, gumi ba ya bushewa. Zafi ba abin wasa ba ne a garin nan: a 2007 sai da aka tsayar da gudun fanfalakin a tsakiya da zafi ya kai digiri 31.

Yanzu hannun, wanda shi ne ya fi buƙatar ki saurare ni da kyau. Yatsun da kika lissafa, babban yatsa da manuniya da na tsakiya, jijiya guda ce ke ba su ji. Tana ratsa wata 'yar matsattsiyar ƙofa a wuyan hannu tare da igiyoyin tsoka tara masu lanƙwasa yatsu. Idan igiyoyin suka kumbura saboda maimaita motsi, ko aka daɗe da lanƙwasa wuyan hannu, sai su danne ta. Likitoci na kiran wannan ciwon carpal tunnel, kuma sagewa da dare ita ce alamarsa ta farko, domin yawancinmu da hannu a lanƙwashe muke barci. Ba zan yanke miki hukunci daga wasiƙa ba, domin matsalar wuya ma kan sauko har yatsu, haka ciwon suga da raunin ƙwayar thyroid da ke gaban wuya kan jawo shi. Amma siffar da kika bayar ta yi kama da shi sosai.

Ki ɗauko suwaitar da kike kai, ki ɗaga ta a haske ki duba layukan. Na tabbata za ki ga wasu sun fi wasu matsewa, har tsinke ya riƙa shiga da kyar. Waɗannan layukan zagaye na takwas da na tara ne, lokacin da maki ɗaya ne tsakani kuma abokan hamayya sun cika fili. A lokacin kafaɗunki sun hau har kunne, haɓarki ta zuro gaba wajen talabijin, yatsunki sun shaƙe tsinken kamar wani zai ƙwace. Saƙa ita kaɗai ba ta cika jawo wannan ciwo da wuri haka ba. Saƙa da faɗuwar gaba, awa biyu da rabi ba hutu, kwana shida a mako, ita ce ke jawo shi.

Maganin yana cikin wasan kansa. Zagaye tara ne, kowanne rabi biyu, kuma tsakanin kowane rabi akwai hutun kamar minti biyu da ake tallace-tallace. Hutu 16 ko 17 kenan da aka ba ki kyauta. Da an fara talla, ki ajiye saƙa a cinya, ki buɗe yatsu, ki karkaɗa hannu, ki juya kafaɗu baya. Bayan kowane zagaye biyu ki miƙe tsaye, ki ɗaga dunduniya sau 15, ki taka zuwa kicin ki sha ruwa. Wannan zai taimaki ƙafafun ma, domin tsokar gaban ƙugu da ta bayan cinya suna ƙagewa idan aka yi dogon gudu da safe sannan aka nutse a kujera mai laushi duk yamma. A filin wasa ma ai kowa miƙewa yake yi a tsakiyar zagaye na bakwai. Daga na takwas kuwa, idan wasa ya yi zafi, ki ajiye saƙar gaba ɗaya ki kalli abinki.

Ki koma tsinkaye masu igiya a tsakani, waɗanda ake saƙa zagaye da su, ko da saƙar shimfiɗe kike yi. Da su nauyin suwaita yana zama a cinya, ba ya rataye a wuyan hannu. Na katako ko na gora sun fi na ƙarfe riƙe zare, ba sai kin matse ba. Zaren ulu yana da ɗan miƙewa, ya fi na auduga sauƙi a hannu. Ki sa matashi ƙarƙashin gwiwar hannu. Da dare ki ɗaura abin tallafar wuyan hannu mai ƙarfe a ciki, wanda ake sayarwa a kantin magani, ya riƙe hannun a miƙe har safe. Sannan na makonni biyu masu zuwa ki rage saƙar zuwa zagaye uku ko huɗu a wasa. Na san suwaita uku na jira, amma sanyin Chicago na gaske sai Nuwamba, kuma makonni ukun ƙarshe kafin gudu, da za ki rage atisaye, su ne lokacin da za ki fi samun sararin saƙa, kuma a lokacin za ki fi buƙatarta don ta kwantar miki da hankali. Idan bayan mako huɗu zuwa shida sagewar ba ta ragu ba, ki je a duba ki. Idan kuwa ta fara zama har da rana, ko kofi na suɓuce miki, ko kika ga tsokar gindin babban yatsa tana lotsawa, kada ki jira ko mako guda, domin jijiyar da ta daɗe a danne ba kullum take dawowa daidai ba.

Tunda za ki ga likita, ki roƙa a yi miki gwajin jini, har da na feritin, wato ajiyar sinadarin ƙarfe a jiki. Ƙarancinsa ya yawaita a mata masu dogon gudu, kuma nauyin ƙafa da gajiyar da ba ta tafiya suna cikin alamunsa. Kada ki fara shan ƙwayarsa da ka kafin gwaji.

Ba ke kaɗai ce mai wannan haɗin ba, in hakan zai sanyaya miki rai. Ƙungiyoyin besbol da dama kan ware rana ta musamman da masu saƙa ke cika wani sashe na fili da zarensu. Akwai ma wani Ba'amurke, David Babcock, da ya saƙa mayafin wuya mai tsawon sama da ƙafa 12 yana cikin gudun fanfalakin Kansas City a 2013, ya kuma gama cikin ƙasa da awa shida. Wannan kam ba shawarata ba ce gare ki.

Saura Oktoba. Kakar wasa na ƙarewa a ƙarshen Satumba, wasannin neman kofi su fara bayan kin gama gudunki mafi tsawo, na kilomita 30 zuwa 32, kin shiga rage atisaye. Idan Allah ya sa Cubs sun tsallaka, wasanni mafi tayar da hankali za su faɗo a makon gudunki. Ki yanke shawara tun yanzu, ba ranar ba: daren Alhamis da na Juma'a na barci ne, domin daren Asabar kusan kowa ba ya samun barcin kirki saboda zumuɗi, kuma ana tashi tun duhu don isa Grant Park, inda ake fara gudun. Ranar Lahadin, hanya shimfiɗe ce, a kanta ɗan tseren Kenya Kelvin Kiptum ya yi awa 2 da daƙiƙa 35 a 2023, ke kuma kina da awa shida da rabi kafin a rufe. Wajen kilomita 12 zuwa 14 za ki ratsa unguwar Lakeview, layuka kaɗan daga filin Wrigley, jama'a cike da gefen titi da shuɗayen huluna suna ihu. Idan kin sa hular Cubs a kan ɗankwalinki, za su kira ki da ita. Ki ɗaga musu hannu, ki duba agogonki, ki riƙe saurin da kika saba, domin saura kusan kilomita 30, ga kuma 'yar gadar titin Roosevelt tana jiranki dab da ƙarshe.