Ku Tambaya Mu Amsa: Wai da gaske dattawan Yahudawa ma suna zaman karatu a wajen ibadarsu?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, barka da ƙoƙari. Ni manomi ne a wani ƙauye cikin ƙaramar hukumar Ringim, shekarata 57, muna da ɗan karatun manya da muke yi a zauren liman bayan isha'i, mun sauke Ahalari mun shiga Ishmawi. Da muka fara da rani mun kai mu talatin amma damina na faɗuwa aka watse, yanzu in an samu mutum shida to an yi yawa, wasu gajiyar gona ce wasu kuma kunya, wai da furfurarsu za su zauna suna haɗa baƙi. To ƙanena da yake aikin jinya a Amurka mun yi waya nake ba shi labari sai yake ce min kusa da gidansa akwai wajen ibadar Yahudawa, kullum da sassafe in zai fita aiki yana ganin tsofaffi da masu shaguna suna shiga da manyan littattafai, shekara da shekaru ba fashi. Dan Allah gaskiya ne? me suke karantawa, kuma me ya hana su watsewa irin tamu? Sannan ba laifi dai ko dan na tambayi wannan?

AMSA: Wa'alaikumus salam Baba, Allah ya ƙara girma. Bari in fara da ta ƙarshen dan hankalinka ya kwanta. Babu laifi. Manzon Allah (SAW) da kansa ya sa Zaidu ɗan Sabit ya koyi rubutun Yahudawa kuma ya koya cikin kamar rabin wata, sanin yadda maƙwabci yake noma gonarsa ba shi ne cin tuwon gidansa ba. Na san da an ambaci sunan Yahudawa zuciyar mutanenmu Falasɗinu take tafiya kuma nima tawa can take zuwa, amma abin da ka tambaya maganar karatu ce, ita zan amsa maka.

Ƙanenka gaskiya ya gaya maka. Wajen da ya gani shi ne majami'ar Yahudawa, Turawa suna ce mata sinagog, su kuma a Ibrananci suna da suna uku a kanta, gidan taro da gidan addu'a da kuma bet midrash wato gidan karatu. In ka saurari midrash ɗin nan da kyau zaka ji madrasa da darasi a ciki, saiwarsu ɗaya domin Larabci da Ibrananci 'yan ɗaki ɗaya ne. Yahudawan da suka fito daga gabashin Turai ma shul kawai suke cewa, asalin kalmar kuwa makaranta. Kaga tun a suna basu raba wajen ibada da wajen karatu ba.

Karatun kashi biyu ne manya. Na farko Attaura, littattafai biyar da suke dangantawa ga Annabi Musa, sun yanka ta kashi 54, duk ranar Asabar a karanta kashi ɗaya wani makon a haɗa biyu, shekara na zagayowa an sauke, kuma ranar da aka sauke a ranar ake komawa farko. Ana kuma karanta ɗan yanki ranar Litinin da Alhamis, abin da suke faɗa shi ne a zamanin da ranakun kasuwa ne, mutanen ƙauye suna shigowa gari da kayansu sai a kawo musu karatun inda ƙafarsu dama zata kawo su. Wannan ya tsaya min a rai sosai, ka duba yawan jama'ar da Maigatari take tarawa ranar Alhamis ko Wudil ranar Juma'a.

Na biyu kuma, wanda nake kyautata zaton shi ne manyan littattafan da ƙanenka yake gani, Talmud. Shi kamar fiƙihunsu ne haɗe da muhawarar malamai da labarai, tushensa wani matani ne Mishna da aka tattara wajen shekara ta 200 miladiyya, sai malaman Babila wato Iraƙi ta yanzu suka yi ta sharhi akai har wajen ƙarni uku, yawancinsa da yaren Aramiya, kuma wahala gare shi ba kaɗan ba, warƙa 2,711 ne gaba da baya. To a 1923 wani malami daga Polan, Rabbi Meir Shapiro, ya kawo shawara a wani babban taro a Biyana, babban birnin Ostiriya, cewa kowa a duk inda yake ya dinga karanta warƙa ɗaya tak kowace rana, kuma duk duniya warƙa iri ɗaya a rana ɗaya. Sunan tsarin Daf Yomi, ma'ana warƙar yau. A haka ana saukewa cikin shekara bakwai da kamar wata biyar. Sauka ta 13 an yi walimarta ranar 1 ga Janairun 2020 a wani filin ƙwallo a jihar Niyu Jasi ta Amurka, mutum wajen 90,000 suka cika shi, ta 14 kuma tana zuwa a 2027. Tsofaffin da ƙanenka yake gani da sassafe ina jin wannan suke yi, awa ɗaya ko ma ƙasa da haka kafin ko bayan addu'ar safe sannan kowa ya kama hanyar shagonsa.

Yanzu ga ainihin damuwarka, me ya riƙe su. Ni a nawa ganin ba wani sirri bane, rabon kowace rana ƙarami ne kuma sananne, mutum ya san yau ina ake ya san ranar da za'a sauke tun kafin a fara, in tafiya ta kama shi ya sauka wani gari ya shiga majami'arsu zai tarar a daidai warƙar da ya bari suke. Mu kuwa sau da yawa karatun zaure bashi da ranar ƙarewa, in malam yaje ɗaurin aure babu, in an dawo sai a tsaya ana tambayar ina muka kwana, to wanda ya yini yana huɗa a gona da wuya ya jure wa abin da bai ga bakinsa ba.

Sai abu na biyu da nafi so a cikin tsarin nasu gaba ɗaya, habruta. Mutum biyu ne suke ɗaukar juna abokan karatu, su zauna fuska da fuska, wannan ya karanta da ƙarfi wancan yace a'a ba haka nake fahimta ba, suyi ta ja har su daidaita ko su kai wa malam, shi yasa in ka shiga gidan karatunsu hayaniya zaka ji kamar tsangaya da daddare. Amfanin abin shi ne in baka zo ba akwai mutum ɗaya takamaimai da ka bari zaune shi kaɗai yana jiranka. Cikin mutum talatin kowa zai iya sulalewa ba a lura ba amma cikin mutum biyu ina zaka ɓuya. Kuma kunyar da ka ambata tana raguwa sosai, dattijo zai fi yarda yayi kuskure a gaban sa'ansa ɗaya da yayi a gaban zaure cike har da surukinsa.

Maganar furfura ma suna da labarin da suke ba juna, na Rabbi Akiba, ɗaya daga cikin manyan malamansu wanda ya rasu wajen shekara ta 135. Makiyayi ne, a yadda suke ruwaitowa har ya kai shekara 40 bai san baƙi ko ɗaya ba, sai wata rana ya ga dutse a bakin rijiya da ɗigar ruwa ta huda, yace in ruwa zai huda dutse to karatu zai shiga zuciyata, ya tafi ya zauna aji ɗaya da ɗansa.

Damina kuwa Baba, wallahi ba ku kaɗai ta taɓa watsawa ba. A cikin Talmud ɗin kansa akwai wani malami Raba, na ƙarni na 4, da yake ce wa almajiransa kar in ga fuskarku a watan Nisan da watan Tishri na kalandarsu, lokutan da aikin gona ya fi tsanani kenan a can, kuje ku nemi abincin shekara. Makarantun Babila irin su Sura da Pumbedita kuma suna da wata biyu a shekara, Adar da Elul, da manoma da masu sana'a suke barin garuruwansu su taru a yi karatu mai yawa, da za'a tashi a faɗa musu littafin da za su je suna bi a gida kafin haɗuwa ta gaba. Ashe ba ciranin karatu irin namu bane? Shawarata ku daina faɗa da damina, daga shuka zuwa girbi ku mai da zaman sau ɗaya a mako ko bayan sallar Juma'a, kowa da abokinsa da 'yan layuka biyu uku da za su bi kullum ko a gindin bishiya ne a gona, in an kai amfani gida sanyi ya shigo sai a dawo kowane dare. Ku ƙirga babobin Ishmawi ku sa ranar sauka tun yanzu, liman ya sanar a masallaci, ranar a dafa ko da shinkafa da wake ne a kira iyali su gani.

Akwai kuma abin da ƙanenka ba zai hango daga waje ba. Majami'ar tana da ƙungiyoyi a ciki, masu wankan gawa da binnewa da suke kira hebra kadisha, masu zagayen dubiya, masu kai abinci gidan da ake zaman makoki na kwana bakwai, da asusun bashi mara ruwa da suke kira gemah. Sadaka a yarensu tsedaka ce, kaji kusancin. Babban malaminsu Musa bin Maimun, haifaffen Kurɗuba a Andalus da ya rasu a Masar a 1204, ya jera ta mataki takwas yace mafi girma shi ne ka ba mutum rance ko jari ko aiki har ya tsaya da ƙafarsa. Mutanen da kake karatu dasu da safe sune masu zuwa duba ka a asibiti, barin irin wannan waje yana da nauyi. Kada dai ka ɗauka duk Bayahude haka yake, da yawansu basa taka majami'a sai a manyan bukukuwa, cikin masu fara warƙar kullum ma akwai masu yankewa a hanya. Amma ku in kuka haɗa ɗan adashi ko asusun taki da zaman karatun nan, kuma duk wanda aka kwana biyu ba a gani ba aka tashi mutum biyu suje gaishe shi, zaka ga bambanci kafin kaka. Allah ya sa albarka, a gaida liman.

TAMBAYA: Salam Malam, ni malamar Islamiyyar matan aure ce a wajen Ɗambatta. Na taɓa ji a rediyo wai matan Yahudawa ba'a barinsu suyi karatun addini, haka ne?

AMSA: Wa'alaikis salam Malama, sannu da ɗawainiya. A da can akwai ƙamshin gaskiya a ciki, karatun Talmud na maza ne kusan zalla, mata a gida suke tsintar abin da suka tsinta. Abin ya fara juyawa a 1917 da wata tela a birnin Krakow na Polan, Sarah Schenirer, ta tara 'yan mata ta buɗe musu makaranta, daga nan makarantun Bais Yaakov suka yaɗu. Yau ya danganta da ɓangare, masu riƙon gargajiya sosai maza da mata basa zama haɗe wajen ibada kuma ajin mata daban yake, wasu ɓangarorin kuma har mace tana zama rabbi, wato malamar addininsu. Abin da nake ganin zai fi taɓa ki shi ne ajin iyaye mata. Yarinya tana yin bikin balaga a shekara 12 ko 13, bat mitsba, to matan da basu samu wannan ba suna yara sai su shiga aji suna da shekara hamsin sittin har sama, su fara daga baƙaƙen Ibrananci guda 22, suyi shekara ɗaya zuwa biyu, ranar gamawa 'ya'ya da jikoki su zo su zauna suna saurare tana karantawa. A Janairun 2020 ma mata dubbai sun yi tasu walimar saukar Talmud a Ƙudus. Mu dai Nana Asma'u ta riga ta buɗe mana wannan ƙofa da ƙungiyar karatun mata ta 'yan taru da jagororinta da ake kira jaji tun kafin rasuwarta a 1864, don haka in akwai tsohuwa a ajinki da take ɓoye allonta cikin hijabi saboda kunyar yara, ki nemo mata sa'arta ki haɗa su su biyu, in sun kai izu ɗaya ki aika a kira jikokinsu.