Kare tare da fasinjoji a jirgin sama

Malam, ka tambaya ko ya dace a bar kare ya zauna cikin fasinjoji. A ganina a bari, amma ƙarami. Kamfanonin jiragen sama na Lufthansa da Air France sun ƙayyade kilo 8, kare haɗe da jakarsa, kuma ba ya fitowa daga jakar sai an sauka. Hakan ya yi daidai, tunda karnuka masu gajeren hanci numfashi kan yi musu wuya a ɗakin kaya, wasu har mutuwa suke yi.

Babban kare kuwa, in ba mai yi wa makaho jagora ba ne, ban yarda ba. Akwai mai tsoro, akwai wanda gashin kare ke tayar masa da asma, ga shi a sama ba inda mutum zai matsa.