Kan "toast" ɗin da aka ce ka yi a bikin abokinka

Ɗana, saƙonka ya iso, kowa lafiya a gida. Ka ce Baturen da kuke karatu tare a Ingila zai yi aure, ya roƙe ka ka yi masa "toast" a wurin liyafa, kai kuwa gasasshen burodi kaɗai ka sani da wannan suna. Kana tambaya mece ce al'adar, kuma ko ta dace da kai.

Burodin nan shi ne tushen maganar. Kalmar daga Latin take, torrere, wato gasawa ko ƙonawa, ta bi ta tsohon Faransanci ta shigo Turanci tun ƙarni na 14. A zamanin da, Turawa sukan gasa burodi, su barbaɗa masa kayan ƙamshi, su jefa cikin kofin giya ya jiƙa don ya gyara ɗanɗano. Wajen shekarar 1700 sai masu hali na Landan suka fara kiran kyakkyawar macen da ake ambaton sunanta kafin a kurɓa da "toast", wai sunanta na ƙara wa abin sha armashi yadda burodin yake yi. Da tafiya ta yi tafiya, sunan ya bar matar ya koma kan ɗaga kofin da kalaman da ake faɗi.

Abin da suke so kaɗan ne. Bayan an ci abinci ka miƙe, ka faɗi yadda kuka san juna, ka ɗan tsokani ango ba tare da ka tona masa asiri gaban surukansa ba, ka yabi amarya, ka yi musu fatan zaman lafiya. Kowa ya ɗaga kofi ya kurɓa, shi ke nan. Kada ka mayar da shi huɗuba, don na san bakinka idan ya buɗe. Ruwa ko lemo ya ishe ka a kofi, masu ƙin giya a cikinsu haka suke yi. Zaman teburin da ake shan giya kuwa malamai suna da magana a kai, ka nemi limaminku kafin ranar, kada ka ce kawunka ya ba ka fatawa.

Sai ka kula idan ka dawo hutu. A Turancin samarin Najeriya, "toast" tsara budurwa ne, don haka kar ka zauna a majalisa ka ce ka yi wa amaryar abokinka "toast". Idan kuma Ba'amurke ya ce ka zama "toast", nufinsa taka ta ƙare.

Innarka tana gaishe ka, ta ce ka turo hotuna.