Ni ma ɗan jarida ne ko kuwa?

TAMBAYA: Salam Malam, ni mazaunin Makka ne wajen Shara Mansur, ina ɗan ɗaukar bidiyon abubuwan da ke faruwa a unguwa ina sawa a TikTok mutane na bi sosai, to wai a doka ni ma ɗan jarida ne? Wani abokina ya ce ba ruwan hukuma da ni.

AMSA: Wa'alaikumussalam ɗan uwa. Abokin nan naka zai kai ka ya baro ka wallahi. A Saudiyya yawan mabiya ba ya mai da mutum ɗan jarida, aikin sai da lasisin hukuma, tun 2011 ma aka ce shafukan labarai na intanet su nemi izini. Amma rashin katin jarida bai fitar da kai daga doka ba, dokar laifukan intanet ta 2007 ta hau kan kowa, ka ɗauki mutum da waya ba izininsa ka tona masa asiri ko ka ɓata masa suna, ɗaurin har shekara 1 ne ko tarar har riyal 500,000 ko duka biyun. In kuma aka ce bidiyon ya taɓa zaman lafiyar jama'a to har shekara 5. Balle in da igama (takardar izinin zaman baƙo) kake zaune, a kama ka a gama hukunci a sa ka jirgi. Ka riƙa tambayar mutum kafin ka ɗaga masa waya.