Sun ce ka riƙe asusu kuma ka kawo kaya? Zaɓi ɗaya Alhaji

Wani ɗan kasuwa mai saida siminti da ƙarfe nan Maraɗi ya turo min tambaya. Yace yana haya a wasu gidaje a unguwar Ali Ɗan Sofo, ƙungiyar da ke kula da gidajen ta shirya yi wa 'yan haya foraj (rijiyar burtsatse) mai aiki da hasken rana da shato (tankin ruwa na sama), ta kuma gyara magudanar ruwa kafin damina, kowane gida zai riƙa zuba jikka biyu a wata. To shi an ce ya zama ma'aji tunda an san shi da amana, kuma ya bada kayan aiki bashi a riƙa biyan shi sannu sannu. Ya karɓa ko ya ƙi?

Alhaji Allah ya ƙara buɗi. Aikin dai mai kyau ne, duk wanda ya zauna garin nan ya san abinda ruwan sama ke yi wa unguwa in ba hanyar wucewa, ai ambaliyar Gulbi ta 1945 ce ta sa garin ya taso daga fadama ya hau tudu. Kan aikin ba ni da ja.

Inda nike da ja shine hula biyu da ake son ɗora maka. In kai ke riƙe kuɗin kuma kai ke saida kayan to kai zaka rubuta faktir (takardar kuɗin kaya), kai zaka biya kanka, kai zaka ce lissafi ya yi daidai, wallahi ko dala ɗaya baka ci ba ranar da siminti ya tashi ka ƙara farashi sai an samu mai cewa Alhaji da kuɗinmu ya cika shago, kuma wannan maganar a masallacin unguwa za a yi ta, gaban mutanen da ke sayen kaya wurinka. Sunanka shine rabin jarinka. In ni ne, kayan zan ɗauka in bar asusun, tunda saida kaya dama sana'arka ce.

Asusun kuma kar su ce ba wanda zai iya. Su kalli Mata Masu Dubara, tsarin asusu da ƙungiyar agaji ta CARE ta fara nan jihar Maraɗi a 1991: akwati mai kwaɗo uku, makullan hannun mutum uku daban, ba a buɗewa sai gaban kowa a taro, ana ƙirgawa da ƙarfi kowa na ji. Mata a ƙauye sun riƙe wannan shekara da shekaru, maza masu shago a birni ba su da hujja. In kuɗin sun yi yawa a buɗe asusu a banki da sa hannu biyu, amma fa sai ƙungiyar tana da takardar izini a hukumance, ka tambaye su ka gani da idonka.

Sai bashin. Kar ka fidda kayan aikin duka lokaci guda. A raba shi kashi kashi, su bada kafin alƙalami, ka sauke kashin farko, sai an biya a sauke na biyu. Kuma a rubuta cewa farashin na ranar ɗaukar kaya ne, ka fi ni sanin yadda canjin naira da sefa da halin da iyakar Nijar da Najeriya ta Ɗan Isa ke ciki ke juya kasuwa cikin sati guda. Abinda zaka bada bashi kar ya wuce wanda in ya maƙale wata shidda shagonka ba zai girgiza ba, don ɗan haya yau yana nan gobe ya kwashe kayanshi, wa zaka bi?

Abu ɗaya da nike son ka tayar a taro, ko da za a ce ka cika magana: wa ke da foraj ɗin bayan an gama? Ƙasar ta masu gida ce. Na sha ganin 'yan haya sun zuba kuɗi an kawo ruwa, shekara na zagayowa mai gida yace ai yanzu gidana da ruwa, haya ta ƙaru. A rubuta yarjejeniya gaban mai unguwa cewa ba ƙarin haya saboda aikin har zuwa lokacin da kuka yarda, a kuma sa kuɗi kaɗan kan kowane bido (jarkar ruwa) ana ajewa gefe na gyara, don injin ruwa sai ya lalace wata rana kuma ranar ba wanda zai so a sake cewa ya zuba.