Me ya sa jam'iyyar AfD ke ƙara ƙarfi a Jamus?

Ɗan'uwa, ka tambayi dalilin da ya sa AfD, jam'iyyar masu tsattsauran ra'ayin riƙau, ke samun karɓuwa duk da ƙyamar baƙi da take yi a fili. Ni ma abin yana ci mini tuwo a ƙwarya. A zaɓen Fabrairun 2025 ta zo ta biyu da kusan kashi 21 cikin ɗari, ninkin abin da ta samu a 2021. Ta fi ƙarfi a gabashin ƙasar, inda da yawa ke jin an mayar da su saniyar ware tun haɗewar Jamus ta Gabas da ta Yamma a 1990. Ga tsadar gas bayan ɓarkewar yaƙin Ukraine, ga gwamnatin Olaf Scholz, shugaban gwamnati na lokacin, da ta wargaje kan kasafin kuɗi. Sai AfD ta nuna 'yan gudun hijira, musamman Musulmi, ta ce wa fusatattun Jamusawa su ne matsalar.